Na Biyar Da Ya Koma Na Bakwai

An sare mini hannun hagu a gonata, da hantsi, ranar wata Talata cikin damina. Mutum huɗu ne. Duk na san su, na san iyayensu. Wanda ya yi saran maƙerin garinmu ne. Shi ya ƙera addar da ya sare ni da ita, kuma shi ya ƙera fartanyar da ke hannuna a lokacin.

Wata lamba a takarda ce ta kawo su. Ni ban yi boko ba, allon ma ban daɗe a kansa ba. Amma wannan lambar na san ta ciki da bai, don da jikina na biya kuɗin karatunta.

Wata biyu kafin nan, ƙarshen bazara, ɓarayin shanu suka shigo mana. Garinmu ƙarami ne, yana gefen hanyar Garo. Tun da aka fara jin labarin sata a yamma da mu, sai muka haɗa shanun gari gaba ɗaya muka riƙa ɓoye su a wani kwari bayan fadama. Hanyar kwarin ɗaya ce, ta cikin duhuwa, baƙo ba zai gane ta ba ko da an kwatanta masa. Ranar kasuwa ce, yawancin maza sun tafi Gwarzo. Ana kiran azahar muka ji harbi. Ina sharar gona, na yar da manjagara na ruga.

Kafin mu isa sun kora shanun. Mutum uku ke gadi ranar. Ɗaya an harbe shi a maƙogwaro, yana kwance rub da ciki a cikin kashin shanu. Ɗaya an raba masa kai da gatari. Na ukun tsoho ne, uban maƙeri. Shi ɗaure shi suka yi a jikin marke da igiyar shanu suka yanka shi yankan rago. Ni na kwance shi. Ni na goyo shi har gari, jininsa yana bin bayana yana shiga wandona. Maƙeri ya dawo daga kasuwa ya tarar da ubansa a tabarma. Bai yi kuka ba. Ya tsaya ya daɗe yana kallon wuyan, sannan ya ce, "Wani ne ya nuna musu hanya."

Kowa ya san haka ne. Babu wanda ya san ko wane ne.

Dagaci ya ce a rubuta abin da kowa ya gani a kai wa hakimi. Aka ɗora aikin a kan Malam. Malam tsohon malamin firamare ne da ya yi ritaya, shi kaɗai ke da kwamfuta a garin, irin ta ɗorawa a cinya. Ɗan gwaggona ne, taubashina, tun muna yara ba ma haɗuwa ba mu yi tsiya ba.

Da farko babu wanda ya yarda ya buɗe baki. Wa zai ambaci sunan wani a takarda, gobe ta faɗa hannun da bai kamata ba? Sai Malam ya kawo dabara. Kowane mai shaida zai shiga ɗakinsa shi kaɗai, ya buɗe masa fayil nasa daban. A cikin shaidar ba za a rubuta sunan kowa ba. Inda suna ya zo, sai ya rubuta "wani mutum" ko "wata mata", ya ɗora wata 'yar lamba a saman kalmar. Sunayen kuma suna wani fayil ɗin can daban, a jere, kowane da lambarsa, bi da bi yadda suka riƙa fitowa a bakin mutane. Wannan fayil ɗin ya kira shi makulli. Ya ce hakimi kaɗai zai ba, hannu da hannu.

Ranar da na shiga ba da tawa, ya ɗago gilashinsa ya kalle ni.

"Bawana ya iso. Zauna a ƙasa, kujera ta iyayen gida ce."

"Uban gidan da bai iya ɗaga buhun gero ba."

"Ni da alƙalami nake noma. Faɗi abin da ka gani, kada ka ƙara gishiri, na san ka."

Na faɗa masa. Yana bugawa da yatsa biyu kamar kaza tana tsattsagar tsaba. Da ya gama ya juyo mini da fuskar kwamfutar, ya nuna mini wani ɗan abu a saman rubutun, kamar ƙuda ya sauka.

"Ka ga wannan? Kai ne. Na biyar."

"Duk girmana?"

"Duk girman banzan naka. An riga an ambace ka tun a shaidar farko, wai kai ka goyo gawa. Duk inda aka ga biyar, a kowane fayil, kai ne."

Lambobi na san su, daga waya da ƙirgen buhuna. Na ga biyar ce. Na tashi na tafi.

Cikin waɗanda suka shiga ɗakin akwai wata mata da ta je itace ranar. Ta ce ta hango baburan daga nesa, kuma ta ga wani ɗan gari yana tafe da ƙafa a gabansu, ya shiga duhuwar suka bi shi. Ta faɗi sunansa. Malam ya rubuta "wani mutum", ya ɗora masa bakwai. Bai gaya wa kowa ba, har dagaci.

Ana saura kwana kaɗan a kai takardun, hawan jini ya kayar da Malam a bakin masallaci. Aka wuce da shi Kano, ba ya ko magana. Hakimi kuma ya aiko yana jira. Sai wakilin dagaci ya je gidan Malam ya karɓi kwamfutar a hannun matarsa, ya kai wani shagon buga takardu a Gwarzo, ya ce a fitar da duk abin da ke ciki.

Wakili mutum ne mai son tsari. A wurin ɗaurin aure shi ke cewa wane ya matsa gaba, wane ya koma baya. Da matar da ke aiki a shagon ta buɗe makullin, ya karanta, sai ya ga sunan liman a na goma sha ɗaya, ƙarƙashin mahauci da mai ƙosai. Ya ga baffan dagaci can ƙasa da haka. Ya ce wannan takarda ba za ta je gaban hakimi a haka ba, ba a sa liman a ƙarƙashin mahauci. Ya ce ta ɗauko sunayen nan biyu ta kai su sama. Ta yi yadda ya ce. Lambobin jerin kuwa kwamfuta ce ke ba da su da kanta, duk wanda ya hau layin farko shi ne na ɗaya. Mutum biyu suka hau sama, duk wanda suka tsallake ya sauko da taki biyu. Amma 'yan lambobin da ke cikin shaidu Malam ne ya buga su da hannunsa, suna wasu fayilolin, ba su san an yi komai ba.

Biyar da biyu bakwai.

Wakili ya dawo da takardun ya baje su a zauren dagaci, yana nuna aikin da ya yi. Wani ya ɗauki hoton shaidar mai itace, ya ɗauki hoton makullin. Kafin la'asar suna cikin wayar kowa.

Ni wayata ƙarama ce, mai tocila, hoto ba ya shigarta. Kwana uku ana maganar ban sani ba. Na dai ga in na yi sallama a majalisa sai a amsa ciki-ciki. A masallaci na kusa da ni ya bar tazara tsakanin kafaɗarsa da tawa. Matata ta ce da ta isa rijiya mata sun janye gugansu. Na ce mata ta rabu da su, wani gulman ne zai wuce.

Ranar Talatar ina maimai a gyaɗa. Na ji motsi a cikin dawar da ke iyaka da ni, na ɗago. Maƙeri ne a gaba, uku a bayansa, biyu da gora ɗaya da barandami.

Na ce, "Sannunku da zuwa. Lafiya?"

Maƙeri ya ce, "Nawa suka ba ka?"

"Su wa?"

"Kai ne na bakwai."

"Bakwai ɗin me? Ni na biyar ne."

"Ka goyo shi a bayanka, ɗan iska. Ka sa aka yanka shi, sannan ka goyo shi har ƙofar gidanmu muna yi maka godiya."

Na buɗe baki ke nan gora ta sauka a ƙuguna. Ban faɗi ba. Na juya na kai wa mai gorar fartanya, ta same shi a muƙamuƙi, na ji ƙashin ya ba da sauti, ya zube yana tofar da haƙora. Na biyun ya dake ni a gwiwa, na durƙusa. Na ga addar maƙeri tana saukowa saitin wuyana, na ɗaga hannun hagu. Ban ji zafi ba. Ji na yi kamar an buga mini ƙarfe mai sanyi. Sara na biyu ya cire shi daga wuyan hannu. Barandamin ya same ni a ka, ya zame ya yanki kunne ya sauka a kafaɗa. Na kwanta a tsakanin kunya. Suka riƙa duka har suka gaji. Wani ya ce, "Ya mutu." Maƙeri ya tofa mini yawu a fuska, suka ɗauki nasu mai karyayyen baki suka shiga dawa.

Idona biyu. Ina kallon hannuna can a gindin gyaɗa, tafin yana sama, da ƙasar noma a faratan. Jini yana fita daga dungun yana tsalle, yana tsayawa, yana sake tsalle. Tururuwa har sun fara zuwa.

Maƙwabcin gonata ne ya same ni. Dattijo ne, asalinsu makiyaya ne, tun kakansa suka zauna suka kama noma. Yana da amalanke da bijimai biyu, su kaɗai suka tsira don ranar satar suna wurin aiki. Shekara ashirin muna iyaka, ko kan kunya ɗaya ba mu taɓa sa-in-sa ba. Ya kwance rawaninsa ya ɗaure mini dungun, ya sa kara ya murɗa har jinin ya tsaya. Ya ɗora ni a amalanke ya kora bijiman da gudu zuwa bakin titi. Duk ramin da muka faɗa sai ya ce, "Ka yafe mini. Ka yafe mini." Na ɗauka girgizar yake nufi.

Na yi kwana ashirin da wani abu a asibiti a Gwarzo. Ina kwance aka ƙone mini rumbu, aka cire ƙyauren gidana. Matata ta kwashi 'ya'ya ta gudu Madadi wurin yayanta. Ko a can ba su tsira ba, hoton ya riga su isa. Hukuma ta kama mutum huɗun, aka ba da belinsu suna jiran shari'a. Da suka dawo gari har da masu yi musu barka.

Malam ya zo ranar da aka kwance mini ɗinkin kai. Ya rame, bakinsa ya ɗan karkace, yana jan ƙafa ɗaya. Ya zauna a bakin gadon ya kalli dungun. Bai ce bawana ba.

Na ce, "Ka ce mini ni ne na biyar."

"Kai ne na biyar."

Ya buɗe kwamfutar a kan cinyata, ya ciro takardun da wakili ya bugo, ya yi mini bayanin abin da na faɗa a baya, a hankali, sau biyu. Sannan ya ce, "Ji wannan. Shaida ta huɗu ta ce, 'Wani mutum ya ja sallar gawa', da goma sha ɗaya a kansa. Liman ke nan. To a takardar wakili ka san wa ke goma sha ɗaya? Inna mai ƙosai. Wai ita ta yi wa gawa uku salla."

Na yi dariya har ɗinkin kafaɗata ya yi jini. Shi bai yi ba.

Ya ce, "Da mutum ɗaya ya karanta shafi biyu, da ya gane. Layi ɗaya suka karanta. Amma laifin nawa ne. Na jera awaki a layi na ce ta biyar tawa ce, ban ɗaure ta ba. Wani ya zo ya sa biyu a gaba."

"To ka je ka gaya wa dagaci. Yau."

Ya cire gilashin ya goge da bakin riga. "Ka iya lissafi. In biyar ta koma bakwai, bakwai ta koma nawa?"

"Tara."

"Hoton makullin yana wayar kowa. Ranar da na ce an sauko da taki biyu, kafin in rufe baki sun ƙirga. Wanda ke layi na tara ba zai kai la'asar ba."

"Wane ne?"

Ya mayar da gilashin. Na kama wuyan rigarsa da hannun da ya rage. Na ce, "Hannuna ne a gona. Wane ne?"

Ya ce, "Wanda ya kawo ka nan."

Da aka sallame ni na wuce Madadi. Kwana biyu da zuwana sai ga dattijon da hantsi, da ƙwaryar nono da damin gero na bara a bayan keke. Ina zaune a zaure, gorar yayan matata tana jingine a bango. Ya durƙusa ya fara gaisuwa, ya jiki, ya iyali, ya haƙuri. Na bar shi ya gama.

Na ce, "Baba, kai ne na bakwai."

Bai musa ba. Ya sunkuyar da kai.

Na ɗauki gorar na sauke masa a kafaɗa. Ya kife, nonon ya zube. Na ƙara masa a baya, na ƙara a haƙarƙari. Hannu ɗaya ba ya riƙe gora da kyau, ta suɓuce, na bi shi da ƙafa. Bai kare ba, bai yi ihu ba. Matata ta fito ta tsaya a bakin ƙofa. Da numfashina ya ƙare na zauna.

Ya tashi zaune da ƙyar. Ya sa yatsa ya ɗaga leɓensa na sama. Haƙoran gaba huɗu babu. A gari ya ce sa ne ya tunkuye shi.

Ya ce, "Bakin bindiga ne. A rafi suka same mu ni da tsohuwata, tana wanki. Ɗaya ya zauna a kan ƙirjinta ya ɗora mata wuƙa. Suka ce in kai su ko su fara da ita."

"Wannan tsakaninka da Allah. Ni ba shi na tambaye ka ba. Kwana uku ana cewa ni ne. Ka ji?"

"Na ji."

"Gonarka tana jikin tawa. Kullum muna gaisawa."

"Muna gaisawa."

"Ko 'gudu' ba ka ce mini ba."

"Tsoro," in ji shi. "Ba ni da wata magana. Tsoro ne."

Na kalle shi. Rawanin da ke kansa sabo ne, tsohon ya tafi da jinina. In na ce Malam ya yi magana gobe, na san yadda za a yi da shi, na san har sautin. Kuma ba shi kaɗai ba, gidansa mutum tara ne.

Na ce, "Kwana goma. Ka kwashe naka ka bar ƙasar nan. Ranar sha ɗaya Malam zai karanta."

"Geron nan saura kaɗan ya nuna. Ko zuwa kaka..."

"Ka bar wa tsuntsaye."

Da ya tafi matata ta ce, "Kwana goma kuma? Jiya a injin niƙa aka ce mini matar maci amana, aka zubar mini da gari. Shi ka tausaya wa, mu fa?"

Na ce, "Na riga na faɗa."

Ba ta yi mini magana ba har kwanakin suka cika. A rana ta shida aka shiga gonata aka sassare dawar tana ɗanya, aka tumɓuke gyaɗar. Noman shekarar ke nan. Ina jin labari na ƙirga, saura huɗu.

Kwanakin nan Malam yakan zo Madadi a bayan babur da safe, mu zauna a zaure yana gyara aikinsa. Ya ce ba zai kai wa kowa takarda ba sai ya ɗaure kowace akuya da igiyarta. Ya bi sunayen makullin ɗaya bayan ɗaya, ya ba kowane wata alama tasa da ba ta canzawa ko ina aka kai shi. Sannan ya bi fayilolin shaidu goma sha biyu, duk inda 'yar lamba take ya goge ta hannun, ya sa wadda ke ɗaure da alamar mutumin. Aiki ne mai cin rai, ga hannunsa na dama bai gama warwarewa ba. In ya yi kuskure sai ya yi tsaki ya koma farko.

Rana ta tara ya ce, "Bawana, kawo yatsanka. Ai an bar maka biyar, sun isa."

"Sun isa in shaƙe ka."

"Danna nan."

Ya ɗora yatsana, na danna kan 'yar lambar da ke shaidata. Fuskar kwamfutar ta yi tsalle ta koma wani fayil, wani layi ya yi haske. Ya ce sunana ne. Na ƙare masa kallo. Shi ne karo na farko da na tsaya na ga yadda sunana yake a boko.

Ya ce, "Yanzu kalli." Ya ɗauko liman ya kai shi sama. Ya ɗauko baffan dagaci ya kai shi sama. Ya koma shaidata, 'yar lambar ta canza da kanta ta zama bakwai. Na danna, ta kai ni sunana. Ya buɗe shaidar mai itace, tata ta zama tara. Ya mayar da liman can ƙarshe, ƙarƙashin kowa, yana cewa Allah ya gafarta liman, a yi haƙuri. Na sake dannawa. Sunana dai.

Na ce, "Da haka ka yi tun farko."

Ya ce, "Da haka na yi."

Ranar sha ɗaya muka shiga gari bayan azahar. Zauren dagaci ya cika har waje. Da aka gan ni aka yi tsit, wasu suka tofar da yawu. Maƙeri yana tsaye a jikin bango ya harɗe hannu. Malam ya ce kowa ya buɗe hoton da ke wayarsa. Ya karanta layin sallar gawa, ya ce a duba goma sha ɗaya. Wani ya karanta sunan Inna mai ƙosai da ƙarfi, aka fashe da dariya, sai dariyar ta mutu. Ya karanta wani layin, "Wani mutum ya goyo gawar tsoho", da biyar a kansa. A hoton biyar mahauci ne, wanda kowa ya san ranar yana kasuwa, kuma kowa ya ga wanda ya goyo gawar. Sannan ya faɗi abin da aka yi a shago.

Wakili ya miƙe. "Ranka ya daɗe, ni ladabi na yi. Ta yaya za a kai wa hakimi takarda liman yana ƙasan mahauci?"

Liman ya ce, "Wa ya gaya maka ina son sama? A maƙabarta wa ke sama?"

Ba a saurari sauran ba. Ina ganin leɓuna suna motsi, ana ƙirga. Wani daga waje ya ce, "Tara!" Zauren ya watse. Dagaci yana kira babu mai ji. Suka ruga da adduna gidan dattijon, suka tarar da shi wayam, ko tukunya babu. Suka cinna masa wuta. Bijimi ɗaya dattijon ya bari, wanda ya gurgunce tun ranar da ya yi gudu da ni. Shi suka samu. Suka sassare shi a turke yana tsaye, babu wanda ya yi bisimilla, aka bar naman ga ungulu.

Maƙeri bai bi su ba. Da zauren ya rage mu kaɗan, ya zo ya durƙusa a gabana. Ya zaro adda daga cikin riga ya ajiye, ya shimfiɗa hannunsa na hagu a ƙasa.

Ya ce, "Yaya, sare."

Na ce, "Da wanne zan danne, da wanne zan sara?"

Sai a lokacin ya yi kukan da bai yi wa ubansa ba. Ya ce in yafe masa. Na ce ban sani ba tukuna. Har yau amsar ke nan. Shari'a ta ɗaure shi, shi da mai barandami, sun yi zamansu sun fito.

An buga sabuwar takarda an kai wa hakimi, dagaci ya sa aka yi shela a masallaci ranar Juma'a. Matata ta koma rijiya, aka matsa mata wuri. Amma gyaran Malam a cikin kwamfutarsa ya tsaya. Tsohon hoton ya riga ya tafi garuruwan da shelar ba ta je ba, kuma a cikinsa har gobe ni ne na bakwai. Bara a tashar Kabo wani da ban sani ba ya kalli dunguna, ya kalli fuskata, ya ce wa na kusa da shi, "Wannan ne ya sayar da garinsu." Na ciro sabuwar takardar daga cikin hulata na miƙa masa. Ya ce shi ma bai iya karatu ba.

Dattijon na ji an ce yana can kudu wurin dangin matarsa, an ce kuma ya rasu. Ban bincika ba. Gonata na ba ƙanena yana nomawa, fartanya ba ta aiki da hannu ɗaya. Malam yana nan da ransa, shi na zauna na faɗa wa wannan ya buga, ya buɗe masa fayil nasa, ya ɗaure shi da sauran.

Yanzu ina Kabo da iyalina, a gidan haya mai ɗaki biyu. Ina gadin wani wurin ajiye hatsi, daga safe zuwa magariba. Takardar tana cikin hulata.